Lambar giya a kan babur: a sa ko a bari?

Mai Boxer Yelwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen masu sanin kan babur. Ina da Boxer tsohon yayi mai giya huɗu, babu komai a mitarsa sai koriyar fitilar firi. Ƙanena ya gama makaranta, aiki bai samu ba, shi ne nake son in ba shi ya riƙa kilando, wato acaɓa, a nan Garwa ta Kamaru. Ya iya tuƙi amma hannunsa bai faɗa ba tukuna. Wani mai kayan gyara a babbar kasuwa ya nuna mini 'yar na'urar nan mai nuna lambar giya, ya ce in na sa masa ba zai riƙa wahalar da inji ba, shan mai ma zai ragu. Gaskiya ne ko ciniki yake nema? Wanda ya taɓa sawa ya faɗa mini.

Baba Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye kuɗinka. Giya huɗu ce fa. Wanda zai ɗauki matar mutane da goyo a bayanta ya ratsa kasuwa, in ba zai iya riƙe lissafin huɗu a kansa ba, bai isa hawa titi ba tukuna. Inji yana magana. In giya ta yi masa nauyi za ka ji yana ƙwanƙwasa, sarƙa tana fizga. In ta yi masa kaɗan za ka ji yana kuka, kan babur yana kaɗa maka hannu. Wannan za ka koya wa yaron. Idonsa kuma titi yake da buƙatarsa, ba mita ba.

Ɗan Domayo: Baba, Allah ya ƙara girma, maganarku gaskiya ce ga wanda ya daɗe a kai. Amma ba kowane babur ne irin wanda kuka saba da shi ba. Mu nan Marwa yawancinmu 'yan China muke hawa, masu giyar zagaye. Daga ta ƙarshe in ka ƙara takawa sai ta koma firi, in ka sake takawa sai ta ɗaya. A gabana wani yaro ya faɗi a kan kwalta saboda wannan. Yana cikin gudu ya zaci akwai sauran giya, ya taka, inji ya yi ihu a firi, ya rikice ya sake takawa ya saki kuloci. Tayar baya ta ƙulle nan take, babur ya juya da shi. Allah ya sa babu mota a bayansa, amma fatar hannunsa da gwiwarsa ta tafi. Lambar mitarsa ta daɗe da mutuwa bai gyara ba. Da yana ganin 5 a gabansa ƙafarsa ba za ta motsa ba.

Baba Tsohon Hannu: Allah ya ba shi lafiya. Amma tsoro ne ya kayar da shi. Wanda ya ji inji ya faɗa firi sai ya riƙe kuloci, ya rage gudu, ya nemi giyarsa a tsanake.

Ɗan Domayo: To ai sabon hannu shi ne mai tsoron, Baba. A kansa ake magana.

Kawu Rewaya: Salamu alaikum. Kafin a yi nisa da gardama ku bari in raba muku abin, don na'urar nan ba iri ɗaya ba ce, kuma mai shago ba zai tsaya yi maka bayani ba.

Wadda ta fi yawa a kasuwanninmu ita ce 'yar lamba mai wayoyi da yawa. Ita ba ta san komai da kanta ba, inji ne ke gaya mata. A gefen hagu, kusa da ƙaramin haƙorin sarƙa, in ka cire murfi za ka ga wani ɗan faifan roba da aka ɗaure da kusa, wayoyi na fita daga jikinsa. A bayansa akwai ɗan tsinken ƙarfe a kan sifirin, yana zaune a bakin gangar da ke juya giya. Duk giyar da ka shiga, tsinken ya taɓa wurinta a jikin faifan, wayar wannan giyar ta haɗu da jikin babur, lambar ta kama. Shi ke nan aikinta. Injunan China da aka kwaikwayo daga Honda CG125 galibi da wannan faifan suke zuwa, waya shida in giya biyar ce, ɗaya ta firi. In babur ɗinka haka yake, sa lamba ba wani aiki ba ne, kuma ba ta ƙarya, don daga cikin akwatin giya take samun labari, ko babur yana tsaye ko yana tafiya.

Matsala tana wajen injin da waya ɗaya tak ke fita daga wurin, ta firi. Shi ba shi da abin da zai gaya wa lambar. Sai dai a samo faifai mai wayoyi da ya dace da mazauninsa, kuma ba kowane inji ake samu ba. In ba a samu ba sai a koma ga mai maganaɗisu: a liƙa ɗan maganaɗisu a sandar giya, a ɗaura 'yan na'urori biyu a sama da ƙasa, ita kuma tana ƙirga takun ƙafarka. Ka lura, taku take ƙirgawa, ba giya ba. Ka taka giya ba ta shiga ba, ita ta riga ta ƙara ɗaya. Daga nan ƙarya za ta yi ta yi maka har sai ka dawo firi ta gyara lissafinta. Ni wannan ba na sa wa kowa, ko an biya ni. Sabon hannu da ya dogara da lamba, lambar kuma tana ƙarya, gara ma babu.

Mai Boxer, je ka duba wayoyi nawa ke fita daga wurin, ka dawo ka faɗa mini.

Mai Boxer Yelwa: Na gode Kawu. Babur yana gida, in na tashi daga shago zan duba.

Ɗalibin Dang: Kawu ka bar iri ɗaya a baya. Akwai wadda ba ta taɓa akwatin giya sam, lissafi take yi. Tana karɓar saurin juyin inji da saurin tafiyar babur, ta gwada ɗaya da ɗaya, tun da kowace giya da nata ma'auni, sai ta fitar da lamba. Kamfanin Healtech na ƙasar Hangari ya yi suna a kanta, GIpro suke kiranta, wata ma a soket ɗin binciken kwamfutar babur ake cusa ta ba tare da an yanke waya ko ɗaya ba. Sannan don Baba: abin ba sabon yayi ba ne. Tun shekarun 1970 Suzuki ke sa lambar giya a baburanta na GT, kuma manyan direbobi ne ke hawansu.

Kawu Rewaya: Ɗan makaranta, na san ta, na bar ta ne don ba tamu ba ce. Wannan ta manyan babura ce masu kwamfuta. Namu kafireta ne da CDI, ɗan akwatin da ke ba filogi wuta, mitar gudu kuma igiya ce ke juya ta daga tayar gaba, babu siginar lantarki da za ta karanta sai an ƙara mata wata na'ura. Rabin baburan kilando ma igiyar ta tsinke tun tuni. Kuma ko a babur ɗin da ta dace da shi, ka tambayi masu ita: da ka matse kuloci lissafin ya ɓace, da ka tsaya cak ba ta san giyar da kake ba. Wurin da sabon hannu ya fi buƙatarta ke nan, a mahaɗar titi ya tsaya bai san ko a ta uku yake ba, ya saki kuloci babur ya mutu, motoci na yi masa ham. In daga taya take karɓar gudu kuma ka canja haƙorin sarƙa, sai an sake koya mata daga farko. Kuɗinta in ka haɗa da na kawowa, zai yi maka gyaran inji.

Na Kuseri: Haka ne. Masu manyan babura a Njamena suna sa irinta, in ka haye gadar Ngeli za ka gansu. Su giya shida gare su, inji kuma ba ya kuka ko a wace giya, mutum zai iya yin tafiya mai nisa a ta biyar yana zaton ta shida ce. Su tana yi musu rana. Mu masu ƙananan babura, 100 da 125, injinmu ba ya ɓoye komai.

Hajiya Mai Babura: Ni ba tuƙi nake yi ba, amma ina da babura a hannun yara, kuma ni ke biyan gyara, don haka ku ba ni wuri in yi magana. Ba lambar nake ƙi ba, hannun da zai sa ta nake tsoro. Wani yarona ya je ya sa, ya ƙara da fitilu masu walƙiya a ƙarƙashin tanki. Da babur ya fara mutuwar batir na sa aka kawo shi ƙofar gida aka cire fitilar gaba a idona. Abin da na gani a ciki ya ɓata mini rai. An feƙe wayoyi da reza, an murɗa su da hannu, an naɗe da baƙin salatif, zafin rana ya narkar da ƙaron har ya zama danƙo, jan ƙarfen waya a waje yana gogar ƙarfen fitila. Ga ƙura ta cika wurin. Lambar kuma kai tsaye aka ja ta daga batir, ko an zare makulli tana nan a kunne har gari ya waye. Kwanakin da babur ya yi a gareji babu balas, ni ce da asara, shi ma iyalinsa ba su samu na cefane ba. Tun daga ranar na kafa doka: babu mai taɓa wayar babur ɗina sai da izinina.

Kawu Rewaya: Hajiya, abin da kika gani shi nake gani kullum. Ita lambar ba ta da cin wuta, ba ta kai ƙwan sigina ba. Amma ƙaramin batir irin namu, in aka bar masa ko ɗan abu a kunne dare da rana, babur kuma ya kwana biyu ba a tayar ba, zai sauka. A baburan da suka bi tsarin launin Honda, kore shi ne na jiki, ja daga batir yake kai tsaye, baƙi shi ne mai kawo wuta bayan an murɗa makulli. A baƙi ake ɗaukar wutar lamba. Wasu kuma sai su ɗauka daga rawaya ta fitilar gaba, wadda a yawancin baburan nan daga kwayil take zuwa, tana hawa da sauka da totur. Ba a daɗewa lambar ke ƙonewa, a ce kayan ba su da kyau. Baburan Indiya launinsu daban ne, kada wani ya ɗauki maganata ya je ya yanka a Boxer ko TVS. A sa mitar awo a gwada tukuna.

Ɗan Domayo: Kin ji ko, Hajiya? Laifin mai sawa ne.

Hajiya Mai Babura: Na ji, ɗana. Amma masu sawa irin Kawu nawa ne a gari? Yaro zai je inda aka fi sauƙi ne.

Na Kuseri: Akwai kuma maganar daɗewa. Nan wajenmu a watan Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40, babur yana tsaye a rana tun safe. Robar masu arhar nan takan dushe ta tsage. Hunturu ya cusa mata ƙura, damina ta zo da ruwa, masu wanki kuma su sa mata tiyo mai ƙarfi. Sai ka ga ƙafar lamba ɗaya ta mutu, 3 ta koma wani abu daban. Ja ba a ganinta da tsakar rana sai ka kare da tafin hannu, shuɗiya kuma da dare tana kashe ido, musamman a hanyar da babu fitilun titi. Hanyar Mora zuwa Dabanga kaɗai ta isa ta girgiza duk abin da aka liƙa da gam.

Mai Awara Rumde Ajiya: Don Allah ku yi haƙuri in sa baki. Ni mace ce, da girmana na koyi babur don kai kaya da kai yara makaranta. Nawa da lambarsa ya zo daga kamfani, kuma wallahi ba don ita ba da na haƙura da koyon. Maigidana yana ce mini ki saurari inji, ni kuma duk ƙara ɗaya nake ji, ga hayaniyar titi, ga hular kwano a kaina. Da na riƙa ganin 2 ina jin ƙarar 2, ina ganin 3 ina jin ƙarar 3, a hankali kunnena ya gane. Yanzu sai in je Pitowa ran Lahadi in dawo ban kalle ta ba. Baba yana maganar kunne, to ni lambar ce ta koya wa kunnena. Kada waɗanda suka iya tun suna yara su manta yadda rashin iyawa yake.

Baba Tsohon Hannu: 'Yata, wannan magana ce mai kyau, na karɓa. Naki da ita ya zo, babu wanda ya yanka waya, kuma kin yi amfani da ita har kin wuce ta. Abin da nake gudu shi ne wanda ba zai wuce ta ba. Ina ganinsu, yaro zai shiga kwana idonsa na ƙasa yana duba lamba. Daƙiƙa ɗaya a gudun kilomita 40 ka ci mita 11. A cikin mita 11 akuya ta fito, yaro ya tsallaka, mai kura ya juyo.

Ɗalibin Dang: Lissafin Baba daidai ne. Amma ni inda na ga amfaninta shi ne gangaren dutsen nan da ake kira falez, in ka baro Ngaundere za ka Mbe. Gangara ce doguwa mai kwana-kwana, ga manyan motoci. Wanda ya sauko a babbar giya yana dogara da birki kaɗai, birkin ganga zai yi zafi ya daina kamawa. Dole ka riƙe ƙaramar giya inji ya taya ka. A wurin iska tana kaɗawa, tirela tana ruri a gefenka, ba ka jin injinka sosai. Kallo ɗaya ka tabbatar a ta uku kake ko ta biyu, hankalinka ya kwanta. Masu zuwa Mokolo da Rumsiki ma za su ba da shaida.

Baba Tsohon Hannu: A gangara babur da kansa zai gaya maka. In yana guduwa da kai, giyar ta yi yawa, rage. In yana riƙe ka, ta yi daidai. Sunan lambar ba shi ne abin nema ba. Babban abin da zan roƙi yara a falez shi ne kada su sa firi ko su kashe inji don tsimin mai. Wannan ɗabi'a ta ci rayuka.

Ɗan Domayo: Wannan kam babu gardama.

Mai Boxer Yelwa: Maganar mai fa? Ita ta fi jan hankalina. Tun da Najeriya ta cire tallafi a watan Mayun 2023 zuwa-zuwa, man bumburutun da ake shigowa da shi daga can, ta daina zama mafaka, gidan mai kuma lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024. In abin zai rage ko kofi ɗaya a yini, a wata ya biya kansa.

Kawu Rewaya: Lamba ba ta haɗu da kafireta ba, ba ta da hanyar rage mai. Mai tuƙi ne ke ragewa in ya daina jan ƙaramar giya da nisa. Gaskiyar da ke cikin maganar mai shagon ke nan, kuma 'yar kaɗan ce. Akwai ma ɓarnar da take jawowa ta ɗaya gefen: yaro ya ji an ce babbar giya ce mai tsimi, sai ya maƙale a 4 da buhu biyu na masara a baya yana tafiyar ƙafa, inji na bugawa. Sarƙa ke ci, kuloci ke ci, ƙarfen cikin inji ke ci. In tsimin mai kake so, wanke matatar iska, don ƙurar Garwa ba ta ɗaukar lokaci take toshe ta. Duba iskar taya kowace safiya. Ja sarƙa daidai ka sa mata mai. Duba filogi, in ya yi baƙi ƙirin kafireta na ba da mai fiye da kima. Zuwa-zuwa kuma a tace ta da ƙyalle kafin ta shiga tanki. Waɗannan za ka gani a aljihunka cikin mako.

Hajiya Mai Babura: A ƙara da juyen baƙin mai a kan lokaci. Yaran nan sai ya koma ruwa suke tunawa.

Mai Boxer Yelwa: Kawu na dawo gida na cire murfin. Waya ɗaya ce ke fita.

Kawu Rewaya: To ka ga amsarka. 'Yar lambar da aka nuna maka ba za ta yi aiki a kansa haka nan ba, kuma na tabbata da ka saya, mai maganaɗisu za a ƙare da liƙa maka. Ni shawarata ka bar babur ɗin yadda yake. Giyarsa ba ta zagaye ba ce, duk gefe ɗaya suke tafiya, firi a farko, in ya kai ta huɗu ko ya taka babu inda za ta je. Haɗarin da Ɗan Domayo ya faɗa bai shafe shi ba. Kuɗin ka sa masa batir mai rai don koriyar fitilar firi da ham da sigina su yi aiki, ka canja takalmin birki, ka saya masa hular kwano, ka taimaka masa ya yi lasisinsa na A, na tuƙin babur, kada 'yan sanda su riƙa cinye masa yini.

Baba Tsohon Hannu: Ka kuma hau bayansa da kanka. Ku fita hanyar Pitowa da sassafe kafin motoci su yi yawa. Kai ka riƙa tambayarsa, a wace kake? Ya amsa ba tare da ya sunkuya ba. Daga nan ku gangara bakin Binuwai ya koyi yashi, don a yashi ne zai san darajar ta biyu. In ya fara amsa maka kafin ka rufe baki, ka ba shi makulli.

Ɗan Domayo: A kan Boxer mai waya ɗaya na yarda. Amma ina nan a kan bakana game da masu giyar zagaye. Duk wanda lambarsa ta mutu ya gyara, kada ya ce ado ce. Wasu injunan suna da abin da ke hana ta faɗawa firi in ana gudu, wasu ba su da shi, kuma ba ranar da kake da fasinja ya kamata ka gano naka ba.

Mai Awara Rumde Ajiya: Kawu, tun da ana maganar, tawa kwanan nan ba ta nuna 3, sauran duk suna fitowa. Sai an canja mita gaba ɗaya? Wani ya ce mini haka.

Kawu Rewaya: A'a ƙanwata, kada ki bari a sayar miki da mita. Tun da sauran suna fitowa, wuta na zuwa, kuma da tsinken ne ya lalace da ba 3 kaɗai za ta ɓace ba. Ko dai wayar ta uku ta tsinke, galibi a inda ta bi kusa da sarƙa, ko soket ɗin ya yi tsatsa, ko wurin taɓawarta a jikin faifan ya cinye. A fara da soket: a zare, a murɗa makulli, a taɓa wayar ta uku da jikin inji. In 3 ta fito, mitarki lafiya lau, faifan za a duba. Wanda zai cire shi ya jingina babur ya karkata dama don kada baƙin mai ya zubo, ya shimfiɗa ƙyalle a ƙasa, don tsinken da sifirin ɗinsa ƙanana ne ƙwarai, in suka faɗa cikin yashi sai dai a sayi wasu. Ya duba zoben robar da ke bakin faifan, in ya taurare a sa sabo, in ba haka ba zai riƙa yi miki yoyon mai a kan sarƙa.